Gahawar Yaya Sale a Guangzhou

Ma'aikacin da ya buɗe akwatina a filin jirgin Guangzhou ya ɗaga jakar ƙyallen da ke ƙasan kayana, ya sunsuna, ya sake sunsunawa, sannan ya tambaye ni da Turanci ko turare ne. Na buɗe baki zan ce masa gahawa ce, sai na ga har ya mayar da ita ya yi mini alama in wuce. Na wuce ina hamdala, ina cewa a raina albarkar mamaci ce. Ban kawo komai ba game da abin da hancin mutumin nan ya gaya masa.

Jakar ta yayana ce, Malam Sale. Mu biyu mahaifinmu ya bari, mutumin Kano da fataucin shanu ya kai shi tsaunin Mambila ya zauna. Ni na gaji ƙafarsa. Na yi Duwala, na yi Abijan, na yi shekaru a Jidda, na yi Adis Ababa, na kwaso Faransanci da Larabci da ɗan abin da ba a rasa ba na yaren Habasha. Yaya Sale kuwa bai taɓa wuce Yola ba. Ya zauna a wata 'yar gona a gefen tudu, sama da wani idon ruwa, yana renon itatuwan gahawa da ya ɗauko dashensu tun yana saurayi daga hannun wani tsoho a tsallaken iyakar Kamaru. Yana kiran irin nan mai jan toho, domin sabon ganyensa ja yake fitowa kamar tagulla kafin ya koma kore. Ba ya 'ya'ya da yawa. Masu saye kan zo da mudu su auna shi tare da na kowa, su zuba a buhu ɗaya.

A ciwonsa na ƙarshe, girbin ƙarshe yana shanye a kan tabarmi, ya ce da ni: "Kai da ka zaga duniya, ka kai ta wurin wanda ya san gahawa ya ɗanɗana. In dai a banza na yi zaman nan, a gaya mini."

Ba a kai ga gaya masa ba. Bayan sadakar bakwai babban ɗansa Nasiru ya zaunar da ni cikin ladabi, ya ce shi da ƙannensa sun yanke shawarar sare gahawar su dasa zaiti, itacen katako da kowa ke dasawa yanzu a kan tsaunin, wanda motoci ke zuwa ɗauka har bakin gona. Ban ga laifinsa ba, yana da bakuna da yawa a gabansa. Na roƙi arziki ya dakata har saukar ruwan farko. In na samo mai saye da zai sayi gahawar da sunanta, a bar itatuwan. In ban samo ba, ba zan ƙara cewa komai ba. Ya ce, "To, Baffa." Da ma ina zuwa Guangzhou sayen kayan dafa abinci, kuma na ji an ce 'yan ƙasar sun shiga shan gahawa mai tsada. Da wannan na iso.

Na sauka a unguwar Dengfeng, a ɗakin Alhaji Isufu, mutumin Maradi mai fataucin fitilu da batura, wanda muka san juna tun Abijan. Lokacin ƙarshen sanyi ne, sa'ad da iskar kudu ke dawowa garin da laima. Na ga damina a Duwala, na ga hazo a Mambila, amma ban taɓa ganin bango yana gumi ba sai a nan. Ruwa na tsattsafowa daga tayil, madubi ya rufe, rigar da ka wanke jiya ka same ta yau kamar ba a matse ba. Dogayen gidajen nan kuwa rabinsu ya ɓace a cikin hazo, sai ka ga fitila a sama ba gini a ƙarƙashinta.

A cikin wannan laima ƙamshin ya tashi. Na idar da sallar asuba ke nan a ranar farko, ina zaune a kan darduma, sai na ji shi: ƙamshin babbar rigar Yaya Sale ta Juma'a, turaren wuta mai hawi da sandal, wanda tun ina yaro in na ji shi na san ya shigo zaure. Na waiwaya. Ba kowa sai Isufu yana lazimi, da akwatina a jingine. Isufu ya ce lalle iyalina sun iya turara kaya, ya tambaya ko 'yar Barno na aura a ɓoye. Na yi dariya don kada ya ga fuskata. Daga ranar ƙamshin bai bar ɗakin ba. In na fita yana cikin hannun rigata, in na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, cikin mutane dubu da ba wanda ya san sunana, sai ya bugo ni daga baya kamar an dafa kafaɗata.

Abin da na fara koya kuma shi ne, a garin nan ba wanda ya yarda baƙar fata ya zo sayarwa. Shekara da shekaru ina shiga shaguna ana ce mini lawban, wato maigida, ana ba ni kujera da shayi, saboda na zo saye. Yanzu da na zo da abu a hannuna, sai kalmar ta canja. Na buɗe jakata a shago bayan shago, kafin in gama bayani an kaɗa hannu an ce mei yo, babu. Wata mata ta ɗauka bara nake, ta miƙo mini lemon zaƙi biyu. Na karɓa na ce shiye-shiye, wato na gode, na ci su a bakin titi, kuma sun yi daɗi.

Sai aka haɗa ni da wani dillali, magidanci mai Hausar zangon Kumasi, mai daɗin baki. Ya ce ya san manyan masu gahawa a Huangpu, wajen tashar jiragen ruwa inda ake loda kayanmu. Ya ce a ba shi rabin jakar ya rarraba musu samfur tukuna. Isufu ya tsuke baki ya ce da Faransanci in yi hankali, amma wa'adin ruwan farko yana cikin raina, na auna masa. Ranar da ya kai ni, mun yi tafiya mai nisa cikin kwantenoni jere kamar garin da aka kwashe mutanensa. Muka shiga wani sito, aka ce mini lawban, aka kawo kujera. Tun daga kujerar na gane. Suka buɗe kwali cike da ƙananan ƙunshin garin gahawa, mai haɗe da madara da sukari, suka ce in na ɗauki kwantena guda za su buga hotona a jikin kowane ƙunshi. Na tambayi dillalin ina samfurina. Ya ce ai yana hannun manya, ana dubawa. Ban ƙara ganinsa ba, shi da rabin gahawar Yaya Sale.

Da na dawo na kwanta rigingine ina kallon ruwan da ke taruwa a silin. Isufu bai ce ai na gaya maka ba. Ya sauka ƙasa ya sayo tuwon shinkafa da miyar kuka a wurin wata mata 'yar Yamai da ke dafawa a ɗakinta, ya ajiye a gabana, ya ce in tashi in ci, mamaci ba ya son a yi masa yunwa. Kwanakin da suka biyo baya na daina fita. Nakan buɗe jakar in zuba ƙwayoyin a tafin hannu, dogaye masu tsinin baki, launinsu tsakanin kore da toka, in mayar. Wani lokaci nakan ji kamar ana tari a bayan ƙofa, irin tarin nan na Yaya Sale, na mutumin da ya sha sanyin tudu. Na san maƙwabci ne. Sanin bai hana ni amsawa ba sau ɗaya.

Ranar Juma'a Isufu ya ja ni masallacin Huaisheng. Tsohon masallaci ne ƙwarai, hasumiyarsa fara, a mulmule, ba ado, ta fi kama da rumbu mai tsawo fiye da hasumiyoyin da na sani a Masar ko Hijaz. Bayan an sallame, wani tsoho ɗan ƙasar mai farar hula da ɗan gemu, wanda muka yi sahu ɗaya, ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya yi mini magana da Larabcin littafi, irin wanda ba a jin sa a kasuwar Jidda, ya ce rigata ta tuna masa da shekarar da ya yi aikin Hajji. Sunansa Musa, sunan gidansu Ma. Ya tambayi abin da na zo saye. Na ce wannan karon sayarwa na zo, na gaya masa ko mene ne. Ya ce su mutanen Yunnan ne, can kudu maso yamma cikin duwatsu, kuma 'yar ƙaninsa tana da shagon gasa gahawa a nan garin. Ya ce ba ya yi mini alkawarin komai, yarinyar ba ta da sassauci a kan sana'arta, ko shi ba ta raga masa.

Washegari da la'asar ya kai ni. Shagon ɗan ƙarami ne a wani lungu, ba zai ɗauki mutum goma ba. Malama Ma mace ce mai kimanin shekara arba'in, da ɗankwali, tana jin Turanci. A kan kanta akwai ƙananan ƙunshi, kowanne da sunan gona da sunan iri da tsayin tudun da aka noma shi. Ta nuna mini ɗaya ta ce na gonar kakanta ne. Ta ce a da duk gonar tsohon iri ce, sai aka zo da sabon iri mai yawan 'ya'ya da jure cuta, mahaifinta ya tumɓuke tsohon, sai 'yan layuka a bayan gida da kakarta ta hana a taɓa saboda a nan take shanya. Yanzu waɗannan layukan ne ake yi wa layi.

Na zuba mata ƙwayoyina a faranti. Kafin ta kai hanci sai da ta tsaya tana juya su da yatsa. Ta tambaye ni launin sabon ganyen itacen. Na ce ja, kamar tagulla. Ta kalli baffanta, ta ce da ni wannan ya yi kama da irin da suke kira Tifika, tsohon iri, kakan yawancin gahawar duniya, irin na bayan gidansu ke nan. Ta ce ba za ta rantse ba sai an gwada, amma siffar ta nuna. Na ji idona ya kawo ruwa. Ashe abin Yaya Sale yana da suna, har yana da dangi a wani tudu da bai taɓa jin labarinsa ba.

Sannan ta kai farantin hancinta, sai fuskarta ta canja.

Duk da haka ta gasa kaɗan a wani ɗan inji, ta niƙa, ta zuba a ƙananan kwanoni, ta kwarara ruwan zafi. Na sha gahawa a Habasha inda ake gasa ta a gabanka ana ƙona lubban a gefe, na sha ta Larabawa mai ɗan ƙamshin da suke kira hel, ana ci da dabino, na sha ta gwangwani a teburan Abijan. Ban taɓa ganin ana yi mata shari'a ba sai ranar. Ta kore kumfar da cokali, ta ɗiba, ta zuƙa da ƙara irin wadda a gidanmu za a harari yaro a kanta, ta juya a baki, ta tofar. Tururin ya tashi ya cika shagon, kuma ba gahawa na ji ba. Ɗakin Yaya Sale na ji, da safiyar da muka yi masa sutura.

Ta ajiye cokalin ta ce, "Alhaji, me aka sa wa gahawar nan?"

A nan na tuna. Ranar da zan bar gidan, matarsa, Yaya Dije, tana cikin takaba, ta miƙo mini jakar ta bayan labule, kuma jakar da ɗumi. Ta ce ita yanzu ba ta da halin sa turare, ga ragowar nasa na Juma'a, ta ga bai kamata kayansa su je gaban baƙi haka nan ba kamar na wanda ba shi da kowa. Ta kwana biyu tana turara jakar a kan kasko, da ƙwayoyin a ciki, har turaren ya ƙare. Na yi mata godiya a lokacin. Haka muke yi wa duk abin da muke girmamawa, rigar ango, ɗakin baƙo, likkafani.

Na yi wa Malama Ma bayani, baffanta yana saurare. Ta ce ɗanyar gahawa tana shan duk warin da ke kusa da ita kamar yadda auduga ke shan ruwa, kuma ba ya fita, ko an wanke ko an gasa. Ta ce ba za ta iya saye a kan wannan ba, ba kuma wanda zai saya. Ba ta tausasa maganar ba, na kuma gode mata da hakan. Amma ba ta zubar da kwanonin ba. Ta bar su suka huce, ta sake zuƙa, ta rufe ido ta daɗe.

"Akwai wani abu a ƙarƙashi," in ji ta. "Zaƙi, da ɗan tsami mai tsabta. Kamar mutum yana magana a bayan ƙofa. Ina jin muryar, ba na jin abin da yake cewa. Ka kawo mini girbi na gaba a cikin leda mai kauri, a ɗaure, kada ya kusanci komai."

Na ce mata girbi na gaba sai in itatuwan sun kai. Na fito bakin shagon na kira Nasiru. A can safiya ce. Ya ɗauka, muka gaisa, sai na ji wani sauti a bayansa, ƙwas, ƙwas, ana yi ana hutawa. Na san sautin adda a jikin ɗanyen itace. Ya ce, "Baffa, ruwa ya sauka tun shekaranjiya, da wuri ya zo bana. Mun kira wayarka ba ta shiga." Ya ce sun gama da gangaren ƙasa, yau suke ƙarasa na sama, in an kwana biyu a tone kututturan a sa wuta.

Na tsaya riƙe da waya a lungun nan, ruwa na ɗiga daga wayoyin lantarki, ina sauraren ana sare shekarun yayana ɗaya bayan ɗaya daga wancan gefen duniya. Malam Musa ne ya fito ya ga fuskata, ya kira 'yar ƙaninsa. Da na gaya mata, tambaya ɗaya ta yi: a ina suke sara, a ƙasa ko a sama? Na tambayi Nasiru. Ya ce wajen gwiwa, don a sami abin kamawa wurin tonewa. Ta ce to ai ba su mutu ba. Ta ce su da kansu haka suke yi wa itacen da ya tsufa, su sare shi a gwiwa, a karkace don kada ruwa ya kwanta, sai ya yi sabon toho daga kututture, bayan shekara biyu ko uku ya koma haihuwa. Abin da ke kashe shi tonewa ne da wuta, da kuma zaiti in ya yi kusa, don yana shanye ruwan ƙasa.

Na koma kan Nasiru. Na ce na san alkawarinmu, ruwa ya sauka, ban samo mai saye ba, gonar tasu ce. Na ce ba na neman gonar. Ina roƙon layukan da ke saman idon ruwa, inda mahaifinsa ya fara dashe, a bar kututturansu a ƙasa, a ja zaitin baya. Addar ta tsaya. Sannan ya ce zai bar layi uku, amma ba shi da lokacin kula da su. Na ce ni ina da shi.

Ban sayi kayan dafa abinci ba a wannan zuwan, kuma ban sake komawa Guangzhou ba. Isufu ya raka ni filin jirgi yana yi mini tsiya, wai Bakano ya zo Sin da kaya ya koma da kayansa, a rubuta a tarihi. Malam Musa ya ba ni ƙunshi ɗaya na gahawar bayan gidansu, ya ce in kai wa itatuwan su ji labarin 'yan'uwansu.

Yanzu a ɗakin Yaya Sale nake zaune, a kan tsaunin da na gudu na bari ina saurayi. Gangaren ƙasa duk zaiti ne, ya fi ni tsawo. A sama kuwa yawancin kututturan sun yi toho, ja kamar tagulla, wasu kaɗan sun bushe. Ba su yi fure ba tukuna. Gwiwoyina ba sa son hawan nan, kuma ba ni da tabbacin ni zan kai girbin. Na nuna wa Nasiru inda na ajiye ledar, na gaya masa kada ta kusanci kasko ko da na minti ɗaya ne. Yaya Dije ban gaya mata komai ba, ba kuma zan gaya mata ba.

Ragowar jakar tana nan. Bayan Yaya Dije ta fita takaba da daɗewa, wata safiya mai hazo, na gasa kaɗan a tukunyar ƙasa na dafa mana. Ta karɓi kofin da hannu biyu, tururin ya bugi fuskarta, sai ta gyara mayafinta ta matsa gefe a kan tabarma, yadda takan yi in Yaya Sale ya shigo. Na kurɓa a hankali, na bar shi ya huce, na sake kurɓa, ina neman abin da Malama Ma ta ji a ƙarƙashi. Har yau ban ji abin da yake cewa ba. Amma duk safiyar da na dafa, nakan kasa kunne.